DABBAR ARO DA DABBAR TURKE: NAZARI A KAN SHAƘUWAR MUTUM DA DABBARSA A ADABIN HAUSA

1.0 GABATARWA

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu 'yan boko, wai Bahaushe bai san ƙaunar dabba ba, amfaninta kaɗai ya sani. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da abu biyu. Na farko, ba su ga Bahaushe yana kwana ɗaki ɗaya da kare, ko yana yi wa kyanwa shimfiɗa a kan gado, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka ba. Na biyu, in sun buɗe littattafan adabinmu ba sa cin karo da kowa sai gizo da kura da dila, waɗanda ko yaro ya san mutane ne aka sa wa fatar dabbobi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa hujja ta biyu ta samo asali ne daga yadda mu manazarta muke karanta adabin, domin dabbobin da ke cikinsa iri biyu ne, mu kuwa iri ɗaya muka fi mayar wa da hankali.

Iri na farko shi ne wanda za mu kira dabbar aro, watau dabbar da mai labari ya ari siffarta don ya faɗi halin ɗan'adam ba tare da ya kama suna ba. Kura ta tatsuniya haɗama ce da tsoro, dila wayo ne, zaki mulki ne. Iri na biyu shi ne dabbar turke, watau dabbar da take da mai ita, tana cin abincin dabbobi, ba ta magana, ba ta kuma tsaya a madadin kowa ba sai kanta. Don a rarrabe tsakaninsu za mu yi amfani da ma'auni uku: ko dabbar tana da sunan da mai ita yake kiranta da shi, ko an nuna ɗawainiyar da yake yi da ita, da kuma ko rabuwa da ita ta taɓa zuciyarsa. Misalan rayuwa za mu ɗauko su daga kudancin Jihar Jigawa, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram inda garin Fagam yake, domin wuri ne da manomi da makiyayi da maharbi suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

2.0 SHAIDAR DUWATSUN BIRNIN KUDU

Kafin mu shiga cikin adabi sosai, ya kamata mu dubi wata shaida da ta girmi rubutun boko da na ajami a wannan yanki. A jikin duwatsun Birnin Kudu, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen mutanen dā, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma gabatar da bayaninsu a taron masana tarihin dā na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne. Abin lura kuwa, shanun nan ba su da tozo, saɓanin bunaji da rahaji da muke gani a hannun Fulani yanzu, kuma mai zanen ya bambanta masu dogon ƙaho da masu gajere.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne zaɓin mai zane. Mutumin da ya sami fuskar dutse da jan garin da zai yi zane da shi, yana da sararin ya zana duk abin da ya ga dama, sai ya zaɓi saniya, ya kuma tsaya ya fitar da siffar ƙahonta. Ba a fitar da siffar abu haka sai an daɗe ana kallonsa. Wannan kallon, na wanda ya san dabbarsa ɗaya bayan ɗaya, shi ne abin da za mu bi sawunsa a cikin maganar baka da rubutu.

3.0 KARIN MAGANA DA KALMOMI

Karin maganar da masu musun ƙaunar dabba suka fi riƙewa ita ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Suna ganin a nan Bahaushe ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. To, amma in aka feɗe ginin jimlar za a ga akasin haka. Ba a kore abu sai ana tsammanin aukuwarsa. Da babu sabo, ko da sabon ba shi da nauyin da zai iya tsayar da wuƙa, da ba a bukaci a ce ba ya hanawa ba. Ashe karin maganar ta tabbatar da sabon tukuna, sa'an nan ta ce lalura ta fi shi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin matar da ta turke rago wata da watanni, tana ba shi dusa da harawa da kanwa, ranar Babbar Salla kuwa ta shige ɗaka don kada a yanka shi a kan idonta, ya san ma'anar wannan magana.

Haka kuma "Sabo turken wawa" ta ɗauko hoton dabbar da ke ɗaure ta jingina wa mutum, watau shi ma mai sabo a ɗaure yake. "Talala mai kamar sake" ta fito daga bakin wanda ya san tsawon igiya da halin abin da aka ɗaure da ita. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura" kuwa tana ɗauke da wata fahimta mai zurfi, domin a cikinta kiwo ne yake karɓar mutum. Har yanzu a ƙauyuka akan ji an ce wance kiwon kaji bai karɓe ta ba, sai na awaki. Wannan yana nuna Bahaushe ya ɗauki kiwo a matsayin dacewar jini tsakanin rai biyu.

Daɗin daɗawa, yawan kalmomin da harshe ya tanadar wa abu alama ce ta yawan kulawar masu harshen da shi. Doki kaɗai yana da ingarma da ƙuru da goɗiya da dukushi ta fuskar girma da jinsi, yana da akawal da kili da danda da bidi da hurde da gunya ta fuskar launi. Yana da barga, yana da masu kula da shi, har fada ta ware sarautar Shamaki dominsa.

4.0 MATSAYIN ADDINI

Dole ne a tsaya a kan kare, domin shi ne aka fi kafa hujja da shi. Gaskiya ne harshen Hausa ya cika da zagi da sunan kare, har akan kira ɗan koren azzalumi karen farauta. Amma nisantar da kare daga ɗaki yana da tushe a fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko rakiyar dabbobin kiwo, ko farautar neman abinci. Saboda haka aka ware wa kare muhallinsa, watau gona da ruga da daji, kuma can ya kamata manazarci ya je neman shaƙuwar da ke tsakaninsa da mutum. Wanda ya neme ta a tsakar gidan birni bai same ta ba, ya nema ne inda ba a ajiye ta ba.

Ban da wannan, addinin da ya kafa iyakar shi ne ya cika kunnen almajiri da labaran tausayin dabba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo tare da su. Laƙabin Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali. Akwai kuma labarin yaron nan Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tambaye shi labarinsa cikin lallashi. Wannan shi ne ma'auninmu na uku, baƙin cikin rabuwa, kuma ba a tsawata wa yaron a kansa ba. A adabin Larabci ma, Ibn Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi.

5.0 TATSUNIYA

Tun daga tarin Frank Edgar mai juzu'i 3 da aka buga tsakanin 1911 da 1913, zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970, tatsuniyoyin gizo da kura su ne suka fi shiga aji, kuma a kansu muka gina koyarwar mutuntarwa. Amma akwai wasu tatsuniyoyi da dabbar cikinsu ba ta aro ba ce. Za mu ɗauki biyu.

Ta farko ita ce tatsuniyar Takitse. A ƙaulin da aka fi sani, wata tsohuwa ce take da sa mai ƙiba, gizo ya kai tsegumi fada, sarki ya sa aka karɓe san aka yanka. Tsohuwa ta roƙi kitse, ta kai ɗaka ta adana, kitsen ya rikiɗa ya zama 'yan mata masu yi mata aikin gida, daga baya sarki ya auri ɗayarsu, kishiyoyi suka tilasta mata kusantar zafi har ta narke. Galibi akan ce jigon wannan tatsuniya shi ne kishi ko zaluncin masu mulki, kuma duka biyu suna ciki. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: don me kitsen sa zai zama 'ya'ya? Amsa ita ce, tun san yana raye shi ne ɗan tsohuwar. Ba a nuna mata miji ko ɗa ko jika ba, shi kaɗai take wa ɗawainiya. San nan bai yi magana ba, bai yi wayo ba, bai tsaya a madadin wani hali ba. Tatsuniya ta ɗauki abin da ke cikin zuciyar tsohuwa ta mayar da shi abin gani da ido, ta biya ta diyyar da ta yi daidai da hasararta, watau aka karɓe mata ɗa aka mayar mata da 'ya'ya. In aka cire shaƙuwar tsohuwa da santa, rikiɗar kitse ta zama abin al'ajabi marar dalili.

Ta biyu ita ce tatsuniyar mai karnuka, wadda ake yi a ƙasar Hausa da sauran sassan Afirka ta Yamma, William Bascom kuma ya bi sawunta har cikin baƙaƙen fatar Amurka. Yaro ko maharbi ya faɗa hannun mayya ko dodo a daji, ya haye bishiya, ana sara gindinta, sai ya shiga kiran karnukansa ɗaya ɗaya da sunayensu, suka jiwo shi daga gida suka zo suka cece shi. A nan ƙullin labarin gaba ɗaya a kan suna ya rataya. Karnukan ba su amsa kiran kowa ba sai muryar wanda ya raɗa musu suna ya ciyar da su. Mai tatsuniya bai ba su harshen mutane ba, domin ba ya bukata, amanar kare ta ishe shi.

6.0 WAƘAR BAKA DA KIRARI

A waƙar fada babban misali shi ne Dokin Iska Ɗanfilinge ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin da sana'arsa ita ce wasa sarakuna ya ɗauki kayan aikin nan nasa, amshi da yabo da fifitawa, ya ɗora wa doki mai suna, ya yabi gudunsa ya sa shi gaba da sauran dawaki. Ana iya cewa yabon doki yabon mai doki ne, kuma akwai gaskiya a ciki, tun da makaɗi ba ya karɓar kyauta daga barga. Amma sai mu tambaya, me ya sa yabon dokin zai faranta ran mai shi har ya yi kyauta? Makaɗi ya san inda zuciyar ubangidansa take, can ya aika kiɗansa. Waƙar shaida ce a kan mai sauraro kafin ta zama shaida a kan mawaƙi.

A ƙasa da fada akwai adabin da bai sami irin wannan gata ba. Mafarauta, waɗanda suke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, suna raɗa wa karnukansu suna, suna zuga su, suna tuna bajintarsu a hira. Karin maganar "Karen bana shi ke maganin zomon bana" daga wannan fage ta fito. Makiyayi yana kiran saniyarsa da sunan launinta ko siffar ƙahonta ta ɗago kai ta taho. Samari masu kiwon tattabaru suna gane tasu a sama cikin garke. Duk waɗannan suna da kalmominsu da kiraye-kirayensu, kuma suna cika ma'aunanmu uku fiye da yawancin abin da muke karantarwa.

7.0 AKU NA MAGANA JARI CE

Yanzu sai mu juya ga rubutaccen adabi, mu ɗauki dabbar da ta fi kowace shahara a cikinsa. Abubakar Imam (1911 zuwa 1981) ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, aka buga juzu'ansa 3 tsakanin 1937 da 1939. Ginshiƙin littafi na ɗaya shi ne aku da aka saya aka kawo gidan Sarki Abdurrahman, wanda ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, har daga ƙarshe aka naɗa akun waziri. Wannan zubi yana da asali a littafin Farisanci Tuti Nama na Nakhshabi, na wajen 1330, wanda shi kuma ya samo daga wani tsohon littafin Indiya na labaran aku 70.

A ido, aku ya yi kama da dabbar turke, tun da tsuntsu ne na gida, an saye shi da kuɗi, yana da ubangida. To, amma mu auna shi. Ta fuskar suna, har ya zama waziri da sunan jinsinsa ake kiransa, alhali abokin gasarsa na littafi na biyu yana da suna, Haziƙ, ɗansa na littafi na uku ma yana da suna, Fasih, kuma duka biyu siffofin malamai ne na Larabci, gwaninta da fasaha. Ta fuskar ɗawainiya, darajarsa a gidan sarki daga harshensa take, kamar yadda sunan littafin ya faɗa. Ta fuskar rabuwa kuwa, a nan ne abin ya fi fitowa fili. Matar aku ta gaya wa Musa gaskiya kai tsaye ta hana shi fita, ya fusata ya kashe ta. Labarin bai tsaya a kan wannan mutuwa don a ji zafinta ba, ya yi amfani da ita ne don ya koya wa aku, da mai karatu, cewa ba a gaya wa ɗan sarki gaskiya tsirara. Kwatanta wannan da san tsohuwa, wanda yankansa ya haifi tatsuniya guda.

Wannan bai rage wa Imam kome ba, domin abin da ya nufa ya cim masa. Littafinsa makarantar iya magana ce, akunsa kuwa bafade ne mai hikima da aka sa wa fukafukai, watau dabbar aro ce da aka zaunar a gurbin dabbar turke. Inda gyara yake shi ne wajenmu. Tun da wannan littafi ne ya rayi ɗalibai tsara bayan tsara, sai muka saba da tambaya ɗaya tak a duk inda muka ga dabba a adabi: wane hali take wakilta? Tambayar ta dace da aku da gizo da dila. In aka yi wa san tsohuwa ko karnukan maharbi ita, sai a rasa amsa, daga nan a ɗauka babu abin nazari a cikinsu.

8.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata mun ga cewa shaƙuwar Bahaushe da dabbarsa tana nan a adabinsa, amma ta fi zama a adabin baka, kuma siffarta ta bambanta da ta Turawa. Shaƙuwa ce da ke tafiya tare da aiki, kare yana farauta, doki yana sukuwa, sa yana huɗa, rago yana jiran layya, mai su kuwa ya san ranar rabuwa tun ranar da ya kafa turke, bai kuma fasa sabawa da su ba. Wanda ya ce amfani ya kore ƙauna, sai ya gaya mana ko haka yake tsakanin manomi da ɗansa da ke taya shi noma.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, malaman adabi a kwalejoji da jami'o'i su riƙa rarrabe wa ɗalibai dabbar aro da dabbar turke, su sa su auna kowace dabba da suka tarar a matani da suna da ɗawainiya da rabuwa kafin su yanke cewa mutuntarwa ce. Ta biyu, a tura ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu zuwa wurare irin su Fagam da ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, su zauna da mafarauta da makiyaya da masu barga da mata masu turka, su ɗauko sunayen dabbobi da kiraye-kiraye da kirari daga bakin masu su. Daji yana ƙara zama gona, babur ya karɓi aikin doki da jaki a wurare da dama, kuma kalma takan bi abin da take nufi in ya tafi. Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Habude sun bar mana siffar shanunsu, amma sunayen da suke kiransu da su sun tafi tare da su. Na masu kiwon yau suna nan a bakinsu, kuma rubuta su aikinmu ne.